Tambayi Anti: Ina Jin Muryar Malam, Amma Maganar Ba Ta Fita

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya iyali? Ni ɗaliba ce a nan Zariya, ina aji uku, shekaruna 22. Mu bakwai ne a ɗakinmu na hostal, kuma jikin tagarmu akwai shagon masu hoton takardu, janaretansu ba ya hutawa sai dare ya raba. Tun ina aji ɗaya na saba toshe kunne da iyafis. Da shi nake karatu, da shi nake sake sauraren lakcar da na ɗauka a waya, da karatun Alƙur'ani kuma nake barci, har gari ya waye yana kunnena. Gaskiya ƙure ƙarar nake yi, don in ba haka ba janareta ya fi ƙarfinta.

'Yan watannin nan kunnuwana biyu suna wata siririyar ƙara, tsiiii, ta fi damuna da dare. A aji ina jin muryar malam sarai, amma maganar ba ta fita, sai in ga kowa na rubutu ni ina leƙen littafin ta kusa da ni. Rannan aka jefo min tambaya, na ce a maimaita, aka maimaita, na sake cewa a maimaita, aji ya fashe da dariya. Tun ranar na koma kujerar baya. Ƙawayena sun ce na fara ji da kai, wai ana kirana ina share mutane. Sakamakona na zangon da ya wuce ya yi ƙasa. Umma ta ce iska ce, ta aiko min da rubutu da wani mai da zan riƙa ɗigawa. An yi min baiko, kuma ban faɗa masa ba. Anti, kurmancewa zan yi? Wane magani zan saya a kemis?

Ƙanwarki, daga Zariya

AMSA

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Lafiya lau, alhamdu lillahi. Tambayarki ta ƙarshe zan fara amsawa, don ita nake tsoron ki yi gaggawa a kanta. Babu maganin da za ki saya a kemis ya yi miki wannan aikin. Kuma kada ki ɗiga komai a kunnen nan, har man da Umma ta aiko, sai an haska ciki an ga lafiyar dodon kunnen. Idan akwai huji a jikinsa, abin da kika ɗiga zai zarce inda bai kamata ya je ba. Addu'a ki riƙe ta hannu biyu, ki kuma gode wa Umma, hankalinta ne ya tashi. Amma Wanda muke roƙo Shi ne Ya saukar da cuta Ya saukar da magani, Ya kuma ba wasu bayinsa ilimin duba kunne.

Ba a gane ciwo ta wasiƙa. Sai dai abin da kika zayyana, ƙara a kunnuwa biyu, jin murya ba tare da fitar kalma ba, da shekaru ana ƙure iyafis, na ga irinsa a ɗakin gwajin ji fiye da yadda nake so, kuma yawanci masu shekarunki ne. Da ina ganin haka ne ga masu injin niƙa da masu walda da waɗanda suka daɗe a masaƙa. Yanzu yara ne masu jakar goyo da katin makaranta a wuya.

Can cikin kunne, bayan dodon kunne da wasu ƙananan ƙasusuwa uku, akwai wani ɗan gurbi mai siffar katantanwa, cike da ruwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu 'yan gashi a ka, wajen 15,000 a kowane kunne. Sauti in ya shigo sai ya kaɗa ruwan, gashin ya motsa, su kuma su miƙa saƙo ga jijiyar ji ta kai wa ƙwaƙwalwa. Kin san gero in iska ta kwantar da shi dare ɗaya, rana na fitowa yakan miƙe. Amma in shanu suka mayar da gonar hanya, kullum suna bi ta kai, ba zai ƙara tashi ba. Haka gashin nan yake. Shi ya sa in kin dawo daga gidan biki kunne yakan yi dum, ya yi ta ƙara, washegari ya saki. Wanda kuwa ake dannewa kowane dare har shekara uku, wani sashensa mutuwa yake yi, kuma jikin ɗan Adam ba ya tsirar da sabo. Da waɗanda aka haife ki da su za ki yi rayuwa.

Waɗanda suka fi saurin lalacewa su ne masu kama siraran sautuka, irin su s da sh da f da ts. Wasula kuwa, a da i da u, masu kauri ne, suna wucewa ba wahala. To kin ga dalilin da muryar malam ke iso ki amma maganar ba ta fita: "sata" da "fata" duk ɗaya za su zo miki. A hirar gida da Hausa ba lallai ki lura ba, don ƙwaƙwalwarki ta san harshen ciki da bai, tana cike gurbin abin da kunne ya yar. A lakca kuwa Turanci ne, kalmomin sababbi ne, zauren babba ne yana amsa kuwwa, ga fankoki, ga surutun 'yan baya. Babu abin da ƙwaƙwalwa za ta cike gurbi da shi. Don haka ba daƙiƙanci ne ya same ki ba, ba kuma ji da kai ba ne. Gajiyar da kike ji bayan lakcar awa biyu ma daga nan take, aikin mutum biyu kanki yake yi.

Ƙarfin ƙara da desibel ake auna shi. Hirar mutum biyu a ɗaki wajen 60 ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraren desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba. In ya kai 90, awa 4 kacal ke gare shi a makon gaba ɗaya. In ya kai 100, ko rabin awa bai samu ba. Waya da iyafis in aka ƙure su suna iya haura 100. Ke kuma kina kwana da shi, awa shida ko bakwai, bayan na rana. Kunne bai san bambancin waƙa da wa'azi ba, ƙanwata, ƙarfin kawai ya sani da tsawon lokacin. Na faɗi haka ne don na sha jin "ai ni karatu nake saurare", kamar hakan kariya ce. Hukumar ta ƙiyasta cewa matasa fiye da biliyan ɗaya, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan sauraren. Ba ke kaɗai ba ce, ko a ɗakinku ina da yaƙinin akwai ta biyu.

Shin kurmancewa za ki yi? Lalacewar da ƙara ke jawowa a hankali take tafiya, kuma galibi in aka daina abin da ke jawo ta, takan tsaya inda ta kai. Ba kasafai ita kaɗai take rufe kunne ɗif ba. Wanda ya tafi ya tafi, amma abin da ya rage miki yana da yawa, kuma tsare shi a hannunki yake.

Abin da ya fi sosa min rai a wasiƙarki kujerar bayan nan ce. An yi miki dariya sau ɗaya, sai kika ɗauki kanki kika kai inda ba za ki ji komai ba. Kunya ta ci miki zango guda, kada ki bar ta ta ci digirin. Gobe ki riga kowa shiga aji, ki zauna layin farko ko na biyu, inda za ki ga fuskar malam, don ido yana ɗaukar wa kunne kaya mai yawa ko mutum bai koyi karatun leɓe ba. Ki sami ƙawa ɗaya da kika yarda da ita ki faɗa mata gaskiya. In ta sani, ita za ta riƙa taɓa ki in an kira sunanki, ita za ta kashe maganar ji da kan nan ba sai kin yi bayani ga kowa ba.

Sannan cikin makon nan, ba bayan jarrabawa ba, ki je asibitin makarantarku ki nemi a tura ki sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Akwai shi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. A Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, wadda aikinta ke nan. Mu mutanen Zariya ba mu da uzurin nisa. Da farko za a haska kunnen. Wani lokaci a nan ma zancen yake ƙarewa, don iyafis yana tura dauɗar kunne ciki ta cushe, ga ƙurar hunturu, a cire ta mutum ya fita yana mamakin ƙarar takalminsa. Ina miki fatan haka. In ba ita ba ce, sai gwajin ji: za ki zauna a wani ɗan ɗaki da ba ya shigar da hayaniya, a sa miki abin saurare a kai, duk sanda kika ji ɗan sauti, komai ƙanƙantarsa, ki danna maɓalli ko ki ɗaga hannu. Babu allura, babu zafi, ba ya wuce rabin awa. Za a zana sakamakon a takarda, kunnen dama daban, na hagu daban. Lalacewar ƙara tana da tambarinta a zanen, wani ɗan rami da layin ke faɗawa a wajen siraran sautuka, mai gwajin yana gani zai gane. Ki karɓi kwafin takardar ki adana, da ita za a gwada ta baɗi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki faɗa wa likita awa nawa kike yi da iyafis, kada ki rage. Ki tambayi Umma kafin ki je: kin yi ƙyanda ko hangum ko sanƙarau kina ƙarama? Kunnenki ya taɓa zubar da ruwa? An taɓa yi miki allurai masu yawa a wata jinya? Akwai mai sikila ko mai matsalar ji a dangi? Duk waɗannan suna taɓa ji, kuma wani lokaci tsohon rauni ne ƙarar ta zo ta ƙarasa.

Daga daren yau iyafis ba ya kwana a kunnenki. Ki kunna karatun ta lasifikar wayar, ƙasa-ƙasa, ki ajiye gefen filo. Wannan zai ma taimake ki da ƙarar nan ta dare, don shiru ne ke sa ta fito fili, sauti mai laushi kuma yana danne ta. Da rana kada ki wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarar wayar, kuma ki riƙa cirewa kina ba kunne hutu. In ta kusa da ke tana jin abin da kike saurare, ko sai an ɗaga murya kafin ki ji mai magana a gabanki, ya yi yawa. Janareta kuma ba a yaƙarsa da wata ƙarar. Ki nemi toshiyar kunne ta soso, irin ta ma'aikatan masana'anta, ba ta da tsada. Ana murza ta ta sirance, a ja kunne sama, a zura, a riƙe ta kumbura. Ko ki mayar da karatunki laburare ko wani aji da ke nesa da shagon. A gidan biki kuma, kujerar da ke gaban lasifikar mai kiɗa ki bar wa wanda bai san ciwon kansa ba, kuma in kin ga an zaunar da yara a wurin ki tashe su.

Ita ƙarar tsiiii ɗin, ba iska ba ce, ba kuma alamar taɓin hankali ba. Kunnen da ya ji rauni ne ke aika saƙon da babu shi. Rashin barci da damuwa suna ƙara mata ƙarfi, shi ya sa take tsananta lokacin jarrabawa. Mutane da yawa in an jima ƙwaƙwalwarsu takan saba, har sai sun tuna da ita suke jin ta.

Maganar wanda zai aure ki, ra'ayina ki faɗa masa, amma bayan gwaji, da takarda a hannu, don ki faɗi abin da yake ba abin da tsoro ya raya miki ba. Mutumin da za ki zauna da shi ɗaki ɗaya zai gane ko ba ki faɗa ba, kuma gara ya san kunne ne da ya ɗauka raini ne in ya kira daga tsakar gida ba ki amsa ba. In likita ya ce ki sa na'urar ƙara ji, ki sa. Na yanzu ƙanana ne, da hijabi babu mai gani, in ma an gani ba abin kunya ba ne. Amma kada ki sayi ta kasuwa ko ta intanet haka kawai. Sai an saita ta daidai da zanen gwajinki, in ba haka ba ƙara za ta zuba miki a kan ƙara. Ki rubuto min abin da aka ce a asibitin, ina jira.

TAMBAYA

Anti barka da aiki. Makon jiya na yi zazzaɓi mai zafi, wani mai kemis ya yi min allurai, ban san sunansu ba. Zazzaɓin ya sauka, amma shekaranjiya na tashi kunnena na hagu ya ɗauke, in na kara waya a nan ba na jin komai, ga jiri yana ɗibata. Abokina ya ce datti ne, in sa a wanke min. Saura mako biyu jarrabawa, ina so in bari sai an gama.

Ɗalibi, daga Tudun Wada

AMSA

Wannan saƙon na amsa wa mai shi ranar da ya iso, ban jira fitowar mujalla ba. Ina buga shi ne saboda wasu.

Ƙanena, kunnen da ya ɗauke lokaci ɗaya ba a kwana da shi. In jijiyar ji ce ta taɓu, akwai maganin da likitocin kunne ke bayarwa, amma a kwanakin farko yake aiki, bayan mako biyu damar ta yi ƙasa sosai. Mako biyun da kake son jira su ne daidai lokacin da ake iya ceto kunnen. Ka rufe baki ka yi "mmmm". In ka fi jin sautin a kunnen da ya toshe, ya fi kama da datti ko ruwa a bayan dodon kunne. In a lafiyayyen kake jin sa, alamar ta cikin ce, ka tashi yanzu. Ko wanne ka ji dai, Shika za ka, ba wurin mai wanke kunne ba.

Kafin ka tafi ka koma wurin mai kemis ɗin, cikin girmamawa, ya rubuta maka sunan alluran. Akwai magunguna masu amfani da ke iya taɓa ji in aka yi su ba bisa ƙa'ida ba, irin su jentamaisin da sitireftomaisin da kwinin. Shi kansa zazzaɓin ma abin tambaya ne. Sanƙarau yana kashe ji, zazzaɓin Lassa ma haka: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke daga Lassa suna samun matsalar ji. Ban ce shi ka yi ba, amma ka ba likita labarin zazzaɓin tun daga farkonsa. Kuma da jirin nan kada ka hau babur kai kaɗai, ka sami mai raka ka.

TAMBAYA

Hajiya, ina gaisuwa. Ɗana ya rasa jinsa yana shekara 9 bayan sanƙarau. Yana magana, yana gane mutum in yana kallon bakinsa. Da ƙyar da taimakon Allah ya gama sakandare, ya ci jarrabawa, yanzu ya samu gurbin karatu. 'Yan'uwana suna cewa asarar kuɗi ce, in kai shi ɗinki. Mene ne shawararki?

Wani uba, daga Sabon Gari

AMSA

Alhaji, ina amsawa, Allah Ya saka maka da alheri kan tsayuwar da ka yi wa yaron nan. Ka bar shi ya tafi. Ɗinki sana'a ce mai daraja, in yana so ya haɗa da ita lokacin hutu, amma yaron da ya ci jarrabawar da masu kunne biyu ke faɗuwa ya riga ya ba 'yan'uwanka amsa. Doka ma tana bayansa: dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta haramta a tauye wa mutum haƙƙinsa na ilimi saboda nakasa. Jami'ar Ilorin har cibiya take da ita ta tallafa wa kurame ɗalibai, kuma suna gamawa da digiri.

Ba zan ce maka zai yi sauƙi ba. Kafin a fara lakca, ku je tare da takardar asibiti wurin shugaban sashensa da ofishin kula da harkokin ɗalibai, a san da shi tun farko, a rubuce. Ku roƙi kujerar gaba, a kuma sanar da malamai su riƙa fuskantar aji in suna bayani, don malami na juya baya yana rubutu a allo, shi kam maganar ta yanke. Akwai manhajojin waya da ke mayar da maganar Turanci rubutu nan take, ya gwada su tun yana gida ya saba.

Abin da na ga ya fi kayar da irin waɗannan ɗalibai ba wuyar darasi ba ce, sanarwar baki ce. Malam zai ce a bakin ƙofa an dawo da gwaji ranar Laraba, ko an sauya zaure, kowa ya ji ya watse, shi bai sani ba. Tun makon farko ya nemi shugaban ajinsu, ya shiga zauren WhatsApp na ajin, ya roƙe shi duk wani sauyin rana ko wuri a rubuta shi a can. Kai ma Alhaji ka karɓi lambar shugaban ajin, ka riƙa kiransa kuna gaisawa.